Yaro ya rasu a hannun masu riƙonshi, ana ta zagin ƴan sosiyal: tambayoyi da amsoshi

Duk sanda labari ya ɓulla cewa wani yaro ya rasu saboda duka ko horon yunwa a gidan da shike zaune, tun ba a kai shi makwanci ba za ka ji vokal na yawo a WhatsApp, a fada ana gardama, rediyo ta buɗe layi, kuma abin da ya fi fitowa bakin mutane shi ne "ina ƴan sosiyal suke?" Tambayoyin ga su ne anka fi yi in zancen ya taso nan Maradi, wasu da fushi ake yin su wasu don neman sani. Misalan galibi na Ingila ne, don can ne anka yi bincike a bainar jama'a anka rubuta komi, har wanda ya ce kaza a rana kaza.

Wai su wa ne ƴan sosiyal ɗin nan, kuma mi suke yi takamaimai?

Ma'aikata ne da aikinsu bin lamarin iyali da yaran da ke cikin haɗari. A nan Nijar za ka same su a ofishin jiha mai kula da mata da kare yara, da rassanshi na departema, wasu a asibiti, wasu tare da alƙalin yara a kotu, wasu kuma ONG ce ke biyansu. In an kawo masu ƙara sai su je gidan, su ga yaron, su yi magana da masu gida da maƙwabta, su rubuta rapor su kai ma wanda ke da ikon yanke hukunci. Ku riƙe wannan na ƙarshen da kyau. Su ba polis ba ne, ba jandarma ba ne, ba alƙali ba ne. Ba su kama kowa, ba su fasa ƙofa.

Sannan a duba faɗin wurin. Jihar Maradi departema 8 gare ta, daga Madarunfa har Bermo, kuma tun ƙidayar 2012 mutanenta sun kai miliyan 3.4, yanzu kam sai abin da ya yi gaba, kusan rabin ƴan ƙasar nan kuwa ba su kai shekara 15 ba. Je ka biron da ke kusa da kai ka ƙirga mutum nawa ne ke ciki da moto nawa ke fake a ƙofa.

Malam, in aikinsu kare yaro ne kuma yaro ya mutu, ai sun gaza. Mi ya rage na bayani?

An gaza, wannan ba gardama. Amma "an gaza" daban, "wance ce ta kashe shi" daban. Wanda ya kashe yaro shi ne wanda ya ɗaga hannu ya doke shi, ya kulle shi a ɗaki, ya hana mashi tuwo. Sai wanda ke gidan shina gani ya kauda kai. Sai mu na bayan katanga da ke jin kuka kullum bayan isha'i muna cewa ba ruwanmu da gidan mutane. Ma'aikaciya tana cikin jerin, amma ba ita ce ta farko ba, kuma abin ban mamaki shi ne yadda cikin kwana biyu jerin ke juyewa ta dawo sama, a bar jaki ana dukan taiki.

Dalili kuwa ba shi da wuyar ganewa. Mai kisan an kama shi shina kaso, zaginshi ba ya sanyaya ma kowa rai. Maƙwabci mu ne, ba wanda zai zagi kanshi. Mai ofis kuwa tana da suna, tana da albashi daga kuɗɗin jama'a, kuma bakinta a ɗaure shike don sirrin dosiye ya hana ta fitowa ta ce ga yadda anka yi.

Ana ta ambatar wani "Baby P" na Ingila. Mi ya faru?

Sunanshi Peter Connelly, yaro ɗan wata 17, ya rasu ranar 3 ga Agusta 2007 a unguwar Haringey ta Landan da raunuka sama da 50 a jikinshi, har da karayar baya da haƙarƙari. Tun Disamba 2006 sunanshi na cikin rajistar yaran da ake sa ma ido, kuma cikin wata 8 ma'aikata iri-iri sun gan shi wajen sau 60, ƴan sosiyal da likitoci da ƴan sanda. A Nuwamba 2008 kotu ta kama uwarshi da saurayinta da ɗan uwan saurayin da laifin haddasa mutuwar ko barin ta ta faru.

Daga nan ne wuta ta tashi. Washegari David Cameron, lokacin shina jagoran adawa, ya kara da firaminista Gordon Brown a majalisa kan maganar. Jaridar The Sun ta buga cewa akwai jini a hannun ma'aikatan, ta sa hotunansu, ta buɗe takardar koke a kore su har mutum sama da miliyan ɗaya sunka sa hannu. Ranar 1 ga Disamba 2008 ministan yara Ed Balls ya tsaya gaban ƴan jarida, tele na nunawa kai tsaye, ya ce ya tsige shugabar sashen yara ta Haringey, Sharon Shoesmith. Ita ma a tele ta ji. Sati guda bayan haka anka kore ta ba ko dala. Ta faɗi daga baya cewa an yi ta aiko mata da barazanar kisa, har ta kai ga tunanin kashe kanta, ƙananan ma'aikatan da sunka riƙe dosiyen su ma an kore su, an san fuskokinsu ko'ina.

To ga abin da ba a cika faɗi ba. A Mayu 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta ce korar Shoesmith ba bisa ƙa'ida anka yi ta ba, don ba a ba ta damar kare kanta ba, ƙarshenta anka biya ta fam dubu 679 da ɗoriya daga baitulmali. Wato gaggawar minista ta faranta ma jarida rai jama'a ce ta biya. Kuma hukumar Ofsted mai duba irin waɗannan ofisoshi ta ba Haringey maki mai kyau a ƙarshen 2007, bayan yaron ya riga ya rasu fa, sai da hayaniya ta tashi sannan ta koma ta ce wurin a lalace shike. Wane ne gaskiya cikin biyun? Wannan tambayar ba ta sami babban shafi ba.

To don mi jaridun sunka fi damƙar ƴan sosiyal alhali akwai likitoci da ƴan sanda a ciki?

Tambaya mai kyau, don in ka bi kwanakin ƙarshe na yaron za ka riƙe baki. Ranar 25 ga Yuli lauyoyin ƙaramar hukuma sunka ce hujjar da ake da ita ba ta kai a je kotu a ƙwace shi ba. Ranar 1 ga Agusta wata likitar yara ta gan shi, ba ta kammala duba shi ba don wai shina ƙyuya da kuka, masu bincike kuma na ganin lokacin wataƙila bayanshi ya riga ya karye. Ranar 2 ga Agusta ƴan sanda sunka shaida ma uwar cewa ba za a gurfanar da ita ba, bayan sun kama ta har sau biyu a baya. Ranar 3 ya rasu. Asibitin da likitar ke aiki kuwa, tun 2006 likitocin wurin sun rubuta wasiƙa suna kukan ƙarancin ma'aikata da cewa wata rana za a yi ɓarna, ɗaya daga cikinsu, Kim Holt, ta sha wuya a kan wannan wasiƙar kafin daga baya a ba ta haƙuri.

Likitar ta sha nata rabon zagin, amma babban asibitin da ya ɗauke ta aiki da rundunar ƴan sanda sun fita da sauƙi, su suna da manyan ofisoshin hulɗa da jarida da mutanen da ke jin nauyinsu. Sannan akwai wani dalili na sana'ar jarida zalla: kotu ta hana a faɗi sunayen uwar da saurayin ko a nuna fuskarsu saboda wata shari'ar da ke gaba, sai Agusta 2009 anka ɗage hanin. Kusan wata 9 kenan jaridu na da labari mai ƙona rai ba su da fuskar mugu da za su ɗora a shafin farko, fuskokin da ke hannu kawai na ma'aikata ne. Jarida kuwa ba ta sayuwa da hoton "ƙarancin ma'aikata".

Amma don Allah, sau 60! Makafi ne?

Ni ma adadin na tsaya mani a wuya. Akwai sakaci na gaske a ciki, binciken baya ya ce an yi saurin yarda da uwar, an yi mata kyakkyawan zato fiye da kima. Sai dai mu da ke karanta labarin yau mun san ƙarshenshi, shi ya sa kowace alama ke yi muna ihu. Wadda ta shiga gidan ran nan ba ta san ƙarshe ba, kuma gidan ɗaya ne cikin gidaje da yawa da ke wuyanta, kowane da datti da talauci da yaro mai ƙurji.

Kuma masu cutar yara sun iya ƙarya, sun iya ta ƙwarai. Uwar Peter ta ɓoye cewa saurayin na zaune gidan, tana zuwa duk inda anka kira ta, tana nuna ita mai son a taimake ta ce, ziyarar ƙarshe da ma'aikaciya ta kai an shafe fuskar yaron da cakulan don a rufe tabo. Mu nan ba mu san irin wannan ba? Baƙo ya yi sallama a zaure, kafin ya shigo an wanke yarinya an sa mata hijabi har ƙasa, an ce "ai rashin ji gare ta, faɗuwa ta yi", ita kuma ta sunkuyar da kai don ta san abin da ke jiranta in baƙo ya tahi. Sau 60 ɗin ma ba mutum ɗaya ba ne, mutane ne da dama kowa ya ga ɗan guntu, likita ya ga rauni, ɗan sanda ya ga wata magana da ba ta daidaita ba, ba wanda ya haɗa su wuri guda.

Ɗan uwa, duk wannan na Turawa ne. Mi ya haɗa shi da Maradi?

Bari in ba ka na Victoria Climbié sai ka faɗa mani ko na Turawa ne. An haife ta a Abobo ta Abijan a 1991. A 1998 wata gwaggon babanta da ke zaune Faransa ta zo ta ce a ba ta yarinyar ta riƙe ta ta sa ta lakwal a Turai. Iyayen sunka yi murna sunka ba da ita, wa zai ƙi? Riƙo ne irin wanda muke yi kullum, ƴar ƙauye a kawo ta birni wajen inna ko gwaggo. Matar ta wuce da ita Faransa, a 1999 ta kai ta Landan da fasfo mai wani suna tana cewa ɗiyarta ce. Ranar 25 ga Fabrairu 2000 Victoria ta rasu tana da shekara 8, likitan da ya duba gawar ya ƙirga rauni 128. A cikin bahon wanka ake kwantar da ita ɗaure cikin ledar shara, cikin sanyin hunturun can. An yanke ma matar da saurayinta ɗaurin rai da rai a 2001.

Ofisoshin sosiyal 4 sun san da ita, da asibiti 2, da ƴan sanda, har an kai ta wajen masu addu'a anka ce aljanu ne ke jikinta, wannan ma ba baƙon zance ba ne gare mu. Wadda ta fara kai ta asibiti ɗiyar matar da ke rainonta ce, likita ta ce ƙazwa ce anka mai da ta gida. Yarinya mai jin Faransanci, ba wanda ya zauna da ita shi kaɗai da tafinta ya tambaye ta da kyau mi ke faruwa.

Wa anka rataya ma laifi? Wata ƙaramar ma'aikaciya da ba ta daɗe da fara aiki ba, dosiye sun yi mata yawa kuma mai duba aikinta ba ta duba komi. An kore ta, an hana ta aiki da yara, sai 2005 wata kotu ta soke hanin. Shi kuwa Lord Laming da ya jagoranci binciken, a rahotonshi na Janairu 2003 mai shawarwari 108, ya ce babban laifin na manyan ne da ke sama, waɗanda sunka zo gabanshi kowa na cewa shi bai sani ba, wasunsu ma lokacin sun riga sun sami manyan muƙamai a wasu wuraren. Shekara 4 bayan rahoton, a ƙaramar hukumar nan ta Haringey inda Victoria ma ta zauna, Peter ya rasu.

Bambancinmu da su shi ne can yaron na cikin rajista ana ganinshi sau 60, nan kuwa ƴar riƙo ko ƴar aiki ko almajiri sau da yawa ba ofishin da ya taɓa jin sunansu, wasu ko takardar haihuwa ba su da ita. Sai ranar da abin ya faru sannan a tuna akwai ofis a fara neman shi da zagi.

Don mi ba su ɗauke yaron kawai tun ranar farko?

Don ba su da wannan ikon, kuma kai ma ba za ka so su same shi ba. A Ingila sai da umarnin kotu, ɗan sanda ne kaɗai ke iya ɗauke yaro na awa 72 in haɗarin na gaggawa ne. A nan ma alƙalin yara ne ke cewa a cire yaro daga gida a ajiye shi wani wuri, tun 1999 ake da kotunan yara a Nijar, a 2014 anka sake dokar. Ma'aikaciya rapor take kaiwa.

Kuma a ɗauke shi a kai shi ina? Wannan ita ce tambayar da masu vokal ba su yi. Galibi wajen wani dangi ne, dangin da su ne sunka ba da shi tun farko, ko su zo da dattawa su ce a rufa asiri a bar maganar a gida.

In sun ɗauke ɗin ma ba su tsira ba. A 1987 a yankin Cleveland na Ingila an raba yara 121 da iyayensu cikin ƴan watanni bisa zargin lalata da su, jaridun nan dai sunka taso ma ƴan sosiyal da likitoci da cewa masu satar ƴaƴan mutane ne, mafi yawan yaran kuma an mai da su gida. Gaba kura baya sayaki. Ka ɗauka wata madam ta shigo gida a Bagalam ko Zariya ta ce za ta tahi da yaro don ta ga tabon bulala, wallahi mutanen da ke cewa "ina suke" su ne za su fito da tsintsiya da muciya su ce puroje ɗin Nasara ne ya zo hana tarbiyya.

Ko ba komi korar da tonon silili na sa sauran su shiga taitayinsu, ko ba haka ba?

Suna shiga taitayi, amma ba irin wanda kake so ba. Bayan hayaniyar Baby P ƙararrakin neman a ƙwace yara a Ingila sun tashi daga dubu 6 da wani abu a shekara zuwa sama da dubu 10 a 2011 zuwa 2012. Wasu yaran tabbas sun cancanci a cece su, amma wani ɓangaren tsoro ne, kowa na gudun kar hotonshi ya fito. Kotuna sunka cika, dosiye sunka taru, ƙwararru sunka bar aikin ko sunka gudu daga unguwannin da sunka fi wuya, anka cike gurbi da ƴan wucin gadi da ba su san iyalan ba. Farfesa Eileen Munro da gwamnati ta sa ta duba lamarin ta ce a 2011 aikin ya koma cike takardu da bin ƙa'idoji don kare kai, lokacin zama da yaro ya ragu.

A nan illar za ta fi muni ta wata hanyar. Ma'aikacin da ya ga an yi ma abokin aikinshi terere zai koyi darasi guda: dosiyen da ba ka buɗe ba ba ya cin ka. Sai a riƙa sallamar masu kawo ƙara tun daga ƙofa da "ku je ku sasanta wajen mai unguwa".

Kenan kana cewa kar a taɓa su ko sun yi sakaci?

A'a, ko kaɗan. Akwai wanda aka kawo ma ƙara ya sa takardar ƙarƙashin tebur ya manta, akwai mai rubuta ya kai ziyara alhali bai taka ƙofar gidan ba, akwai wanda wani alhaji zai kira a waya ya yi sanyi. Irin waɗannan a hukunta su, a kore su in ta kama. Abin da nike cewa a bi hanya, a tambaya: yaushe labari ya iso gare ta, mi aka faɗa mata, mi ta yi, wa ta sanar, shi kuma mi ya yi da rapor ɗin? Dosiye nawa ke hannunta a watan? An ba ta esansi ta je ko daga aljihunta take hawa kabu-kabu? A ji ta bakinta kafin hukunci. Sannan a hau sama da tambayoyin, kar a tsaya inda ya fi sauƙi, har a kai ga wanda ya rattaba hannu kan kasafin kuɗɗi. In binciken ya tsaya kan mafi ƙanƙanta a ofis, ni dai ban yarda da shi ba.

An taɓa kai wasu kotu a kan haka?

An taɓa. A Kalifoniya ta Amurka, bayan rasuwar Gabriel Fernandez ɗan shekara 8 a 2013, wanda malamarshi ta lakwal ta yi ta kiran ofis tana faɗa masu, an gurfanar da ma'aikata 4 a 2016. A 2020 kotu ta kori ƙarar, ta ce ba su ne ke riƙe da yaron ba balle a caje su da cutar da shi. Aikinsu dai sun rasa shi. Uwar na ɗaurin rai da rai, saurayinta an yanke mashi hukuncin kisa.

To ƴan jarida su yi gum kenan?

Subhanallahi, a'a. Ba don jarida ba da yawa cikin abubuwan da na lissafa sama da ba a san su ba, maganar asibitin da anka duba Peter ma ƴan jarida ne sunka bi ta har ta fito. Shiru shi ne abin da mai cutar yaro ya fi so. Abin da nike roƙon ƴan uwa na rediyo da masu shafukan Facebook shi ne a canza tambaya daga "wa za a kora?" zuwa "ta ina yaron ya zame daga hannun kowa?" A jera kwanaki, a ji ta bakin asibiti da komisariya da kotu da lakwal da mai unguwa, ba ofis ɗaya ba. In ma'aikaciya ta ce ba za ta yi magana ba, a gaya ma masu saurare cewa doka ce ta hana ta, kar a ce "ta ƙi cewa uffan" da muryar da ke nufin ta ci amana. Mai gabatar da shirin buɗe layi ya katse duk wanda ya fara faɗin sunan gida ko unguwar ma'aikaci.

Kuma a dawo bayan wata 6. Nan ne ake gane mai aikin jarida da mai neman a taɓa mashi laik: an yi shari'ar? Sauran yaran gidan suna ina? An ƙara ma ofishin ko mutum ɗaya?

Hajiya ta turo mani hoton gawar yaron da vokal mai sunan ma'aikaciyar, ta ce in watsa don a ji. In watsa?

Kar ki watsa, yaya. Yaron na da haƙƙin a suturta shi ko bayan ranshi, shina da ƙanne da za su girma su tarar da hoton nan na yawo. Vokal ɗin kuma ba ki san wa ya naɗe shi ba, "wata ta ce wani ya ce" ne, in ya tashi daga Maradi da safe kafin la'asar ya kai Damagaram da Katsina ba mai iya dawo da shi. Sannan akwai doka: ta laifukan intanet ta 2019, an sassauta ta a 2022, a Yuni 2024 kuma anka mai da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta waya. Wanda ya tura gaba ma shina iya samun kanshi a komisariya. In kina da wani abu na gaske da kika sani, ki kai shi ga masu bincike, ya fi amfani ga shari'ar da gurup 20.

Ni akwai yarinyar riƙo a maƙwabtanmu da nike jin kukanta kullum. Mi zan yi ba tare da na ja ma kaina rigima ba?

Rigima kam wataƙila ki ɗan sha ta, ba zan ruɗe ki ba, amma akwai yadda ake rage ta. Fara da lura: wane lokaci ake dukan, da mi, kin ga tabo ko ƙuna, tana ramewa, an daina ganinta a waje ko a islamiyya? Ki riƙe ranaku a kanki ko ki rubuta, don "kullum ana dukanta" ba ya da ƙarfin "ran Talata na ga ƙunar dutsen guga a hannunta". In kin sami dama ki yi mata magana ita kaɗai, a hankali, kar ki yi mata alƙawarin da ba ki iya cikawa, kar kuma ki je ki tari matar gidan da faɗa don kan yarinyar za a huce.

Ki sanar da mai unguwa ko liman in kin yarda da su, amma kar ki tsaya nan in akwai rauni, don sasanci ba ya warkar da karaya. Ki je ofishin kare yara ko sashen polis mai kula da yara a komisariya, a ƙauye jandarmomi ko kwamitin kare yara na gari in akwai, ki ce a ɓoye sunanki. In abin na faruwa yanzu-yanzu ne ki kira 17, lambar polis. In kin san iyayenta na asali ki nemi hanyar da labari zai kai gare su, sau da yawa suna can suna zaton tana lakwal.

Bayan sati guda ki koma ofishin ki tambayi wa ke riƙe da dosiyen da ranar da za su je gidan. In ba a yi komi ba ki nemi ganin shugaban wurin, in nan ma shiru ne ki wuce kotu ki nemi alƙalin yara ko purkurer, kina da damar kai masu maganar da kanki.